Ƙarin kusurwar ƙaramar ƙwaƙwalwa

Kusurwar ƙaramar ƙwaƙwalwa wani ɗan lungu ne a cikin ƙoƙon kai, daura da kunnen ciki, inda ƙaramar ƙwaƙwalwa ta haɗu da gindin ƙwaƙwalwa. Ta nan jijiyar ji da daidaiton tsayuwa take bi, tare da jijiyar motsin fuska.

Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarin da ke fitowa a wurin shwannoma ne, wanda ke tsirowa daga rigar jijiyar ji da daidaiton tsayuwa. Ba kansa ba ne, kuma a hankali yake girma. Meninjiyoma da ƙullutun efidamoyid suna biye da shi. Waɗanda ba kasafai ake gani ba sun haɗa da lifoma, wato ƙarin kitse, da jakar ruwa, da kansar da ta yaɗu daga wata gaɓa, da kuma ƙullutun tarin fuka, wanda bai kamata likita a Nijeriya ya manta da shi ba.

Alamar farko yawanci raguwar ji ce a kunne ɗaya, da ƙara a kunne, da jiri. Nan ne ake yin sake, domin akan ɗauka ciwon kunne ne kawai. Idan ƙarin ya girma, fuska takan rage jin taɓi, tafiya ta koma tangaɗi.

Hoton MRI ne ke bambance ire-iren waɗannan ƙarin. Majinyaci daga Zonkwa ko Kafanchan akan tura shi Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna don gwajin ji, tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa sai manyan asibitocin koyarwa irin na Shika, Zariya.