Wasiƙa Daga Amurka: Ladan Kuturu

A gafarce ni da jin shiru kwana biyu, rubutun digiri ne ya sha kaina. Binciken nawa kan kuɗin da gwamnatin tarayyar Amurka ke bai wa 'yan sandan jihohi ne, na ga ya dace in ɗan gutsura muku.

A nan babu rundunar 'yan sanda guda ɗaya kamar a Najeriya. Jihohi da birane da gundumomi kowa da tasa, kusan 18,000 ke nan, kuma Washington ba ta da ikon ba su umarni. Sai ta biyo ta hanyar aljihu. A 1968, bayan tarzomar da ta girgiza birane irin su Detroit, shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar LEAA, mai raba wa jihohi kuɗin yaƙi da laifuka. An kashe biliyoyin daloli, laifuka ba su ragu ba, aka rufe ta a 1982.

A 1988 dillalan ƙwaya suka harbe wani ɗan sanda mai shekara 22, Edward Byrne, a New York. Majalisa ta fito da sabon tallafi da sunansa, aka riƙa kafa rundunonin haɗin gwiwa na yaƙi da ƙwaya, ana auna ƙwazonsu da yawan kamun da suka yi.

To, ga inda gizo ke saƙa. A 1999, a ƙaramin garin Tulia na jihar Texas, irin wannan runduna ta kama mutum 46, akasarinsu baƙar fata, bisa shaidar jami'i guda, Tom Coleman. Ba a samu ƙwaya a gidajensu ba, amma wasu suka sha ɗaurin shekaru masu yawa. A 2003 gwamna Rick Perry ya yi wa 35 afuwa, a 2005 kotu ta samu Coleman da laifin rantsuwar ƙarya.

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan kamu ake ƙirgawa kafin a saki kuɗi, kamu za a kawo, ko da laifi ko babu. Masu muhawarar 'yan sandan jihohi a gida, ku fara tambayar wa zai biya, kuma me zai ƙirga.

Sai mun haɗu a wasiƙa ta gaba, in Allah ya yarda.