Hawan Jini da Toshewar Jijiya: Daga Kenya zuwa Treichville

A shekarar 1929 wani likitan Ingila mai suna Donnison ya auna jinin maza dubu a Kenya, ya ba da rahoton cewa bai ga hawan jini ba. Daga nan aka daɗe ana zaton wannan ciwo, da toshewar jijiyoyin zuciya, ba na baƙar fata ba ne. Zato ne mai rauni, domin mutanen karkara ya auna. Cibiyar kula da ciwon zuciya ta Abidjan, wadda Farfesa Edmond Bertrand ya jagoranci kafawa a Treichville a 1976, ta tarar da hawan jini ya zama ruwan dare a birni.

A shekarar ce kuma Russell Ross da John Glomset a Amurka suka bayyana cewa toshewar na farawa daga rauni a siririyar fatar da ta shimfiɗe cikin jijiya. Binciken baya ya fayyace sauran. Matsin jini na gurzar fatar, sinadarin anjiyotensin na rage nitirik oksaid mai sassauta jijiya. Sai kitsen LDL ya kutsa ƙarƙashinta ya gurɓace, fararen ƙwayoyin jini su bi shi su haɗiye, su kumbura, su mutu a wurin. Tarinsu ne ke daskarewa ya ƙuntata hanyar jini.

Hausawan Adjamé da Treichville, 'yan kasuwa da masu sayar da garba, wato acheke da soyayyen kifi, suna tsakiyar wannan sauyi: abincin birni ya zo da yawan gishiri, dunƙulen magi da man da ake maimaita suya da shi.