Rabon Guraben Jami'a: Daga Kwalejin Katsina Zuwa Karmo

Duk mai son fahimtar taƙaddamar da ake yi a kan rabon guraben shiga jami'a a Nijeriya, wajibi ne ya waiwayi yadda ilimin boko ya shigo ƙasar nan. A shekarar 1859 'yan mishan suka buɗe makarantar sakandare ta farko a Legas. Kwalejin Katsina kuwa, wadda ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ba a buɗe ta ba sai a 1922. Wato tazarar shekara sittin da uku ke nan. Turawan mulki sun taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi, amma ba su gina isassun makarantun da za su cike gurbin ba. Saboda haka da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, 'yan Arewa da suka cika sharuɗɗan shiga ba su taka kara sun karya ba.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a Zariya a 1962, ta nemi magance matsalar tun daga tushe, inda daga baya ta buɗe makarantar share fagen shiga jami'a domin ɗaga ɗaliban da suka fito daga sakandare da rauni. A ganinmu wannan dabara ta fi kowace nagarta cikin waɗanda aka gwada, domin ɗalibin take gyarawa, ba makinsa ba.

A wancan zamani kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta. Sai ka iske mutum guda ya sami gurbi a wurare uku, wani kuma bai sami ko ɗaya ba. Da jami'o'i suka ƙaru da guda bakwai a 1975, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri, sai abin ya gagari kundila. Wannan ne ya sa gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa hukumar JAMB a 1978. Shekara guda bayan haka tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar damawa da kowane ɓangare na ƙasa cikin al'amuran tarayya. Daga wannan ruhi ne aka sami tsarin da aka daɗe ana bi a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da aka keɓe wa kowace jami'a, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya ta fuskar boko. Yana da kyau mai karatu ya lura cewa rukunin ƙarshen nan ba na Arewa ba ne kaɗai. Ebonyi da Bayelsa ma suna ciki.

Gyare-gyaren da suka biyo baya duk a kan jarrabawa da maguɗi suka tsaya. An shigo da jarrabawar tantancewa ta jami'o'i a 2005, aka soke ta a 2016, aka dawo da ita a 2017. A wannan shekarar ce kuma JAMB, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta ƙaddamar da tsarin kwamfuta na sa ido a kan yadda jami'o'i ke ba da gurabe. Babu shakka wannan ya rage ɗauki-ɗora. Amma ba a taɓa ainihin ma'aunin ba, wato jihar asali.

To, a nan ne Karmo ta shigo zancenmu. Unguwa ce a gefen birnin Abuja, wadda ta cika ta batse bayan da aka dawo da hedikwatar ƙasa daga Legas a 1991. Magina da direbobi da 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata daga kowace kusurwa sun tare a cikinta, domin hayar tsakiyar birni ta fi ƙarfinsu. 'Ya'yansu a nan aka haife su, aji ɗaya suke zama, malami ɗaya ke koyar da su, ƙarancin littattafai ɗaya ke damunsu. Ranar neman gurbi kuwa sai a raba su: wannan ɗan Jigawa ne, yana cikin waɗanda aka bari a baya, wancan ɗan Imo ne, ba ya ciki. A can Maitama kuma, ɗan babban sakatare da ya yi makarantar kuɗi mai tsada yana riƙe da takardar asali irin ta ɗan leburan Karmo, kuma da makinsa mai yawa shi zai rigaye shi shiga gurbin da aka keɓe wa jiharsu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan ba. Indiya ma tana keɓe gurabe ga al'ummomin da aka danne, amma a 1992 kotun ƙolinta ta yanke hukuncin a cire masu hali daga cikin wani rukuni na masu cin wannan gajiya. Mu a nan ba mu ce a rushe rabon ba, domin giɓin da tarihi ya haƙa bai cike ba tukuna. Abin da muke gani shi ne a riƙa duba makarantar da yaro ya fito da kuma halin gidansu. Yaron Karmo dai, idan lokacin rajista ya yi, takan kai ya hau mota zuwa ƙaramar hukumar kakansa, garin da wataƙila bai taɓa kwana ba, domin karɓo takardar da za ta faɗa wa jami'a ko shi wane ne.