Tsohon Soja, Bakanike da Kyamara: Yadda Fim Ya Tsiro a Yamai

Idan ana maganar tarihin fim a ƙasar Hausa, yawancinmu Kano muke fara ambata, mu ce Turmin Danya na 1990. Amma shekara kusan 30 kafin nan, a Yamai, wasu samari da babu wanda ya taɓa shiga makarantar koyon fim a cikinsu sun ɗauki kyamara sun yi aikin da duniya ta tsaya ta kalla. Ɗaya tsohon soja ne ɗan dako, ɗaya bakanike. Labarinsu yana da amfani ga duk matashin da yake riƙe da waya yau yana tunanin haɗa shiri mai dogon zango, domin abin da ya ɗaga su da abin da ya kayar da su duka suna nan har yanzu.

A 1934 gwamnatin Faransa ta kafa wata doka da ake kira dokar Laval, wadda ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka a Afirka sai da izinin hukuma. A aikace, baƙar fata ba ya samun wannan izini. Shi ya sa lokacin da Paulin Vieyra da abokansa suka so yin fim a 1955, sai a birnin Faris suka yi shi, suka sa masa suna Afrique-sur-Seine. Har Nijar ta sami 'yancin kai a ranar 3 ga Agusta 1960, ɗan ƙasa bai san kyamara ba sai dai a haska shi da ita.

Ƙofar ta fara buɗewa ne ta hannun wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch. Injiniya ne, ya zo Nijar a 1941 aikin gina hanyoyi, daga baya ya koma nazarin al'adun Songai da Zabarmawa yana ɗaukar su a fim. Kyamarar da yake amfani da ita ƙarama ce, mai zaren fim na milimita 16, wadda mutum ɗaya zai iya riƙewa a hannu ya bi jama'a cikin kasuwa. Kafin irinta, fim aikin kamfani ne mai motoci da fitilu da ma'aikata birjik. Da ita kuwa, mutum biyu ko uku sun isa.

Umaru Ganda Bazabarme ne, an haife shi a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indosin, wato Biyetnam da maƙwabtanta. Da ya dawo gida bai sami aiki ba, sai ya bi sahun 'yan ci-rani zuwa Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, inda ya riƙa dako a tashar jiragen ruwa. A can Rouch ya same shi, ya sa shi a fim ɗin Moi, un Noir na 1958, wanda ya nuna rayuwar 'yan ci-ranin Nijar a unguwar Treichville. Kyamarar ba ta ɗaukar sauti tare da hoto, don haka bayan an gama ɗauka sai aka zaunar da Ganda yana kallon hotunan yana magana a kansu yadda ta zo masa. Wannan murya tasa ita ce ran fim ɗin. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a Faransa, sunan Rouch ya ƙara fita, Ganda kuwa ya gane cewa labarinsa ne aka bayar amma wani ne ya zaɓi abin da za a nuna da abin da za a yanke.

Shekara goma bayan haka ya bayar da labarin da kansa. Ya koma Yamai, ya koyi aikin a ƙungiyar masu son fim ta cibiyar al'adun Faransa da Nijar, ya fitar da Cabascabo. Fim ne da harshen Zabarmanci a kan sojan da ya dawo daga Indosin da 'yan kuɗinsa, abokai da mata suka yi masa caa, da kuɗin suka ƙare kowa ya watse. Ganda ne ya rubuta, ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin jarumin. An nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a 1969, ya kuma sami kyauta a Mosko. Fim ɗinsa na gaba, Le Wazzou Polygame, a kan wani alhaji ne da ya dawo daga Makka ya nace sai ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawari. A 1972, shekarar da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa ta Yennenga, wannan fim ne ya ɗauke ta. Tsohon ɗan dako daga Nijar shi ne na farko a duk Afirka da ya riƙe ta.

Mustafa Alasan hanyarsa daban ce. An haife shi a 1942 a garin N'Dounga kusa da Yamai, kuma kanikanci ya fara koya. Tun yana yaro yake yanka siffofi yana haska su da fitila a bayan ƙyalle, yara su taru su kalli inuwa tana motsi. Ya sami aiki a cibiyar bincike ta Yamai inda Rouch yake, ya koyi kyamara, ya yi Aouré a 1962 a kan al'adar aure. Daga nan ya tafi Kanada ya ga yadda Norman McLaren yake haɗa zane mai motsi. Aiki ne na haƙuri: a zana hoto, a ɗauka, a ɗan canza shi, a sake ɗauka, har a tara hotuna 24 kafin a sami daƙiƙa ɗaya. Da irin wannan aiki ya yi La Mort de Gandji da Bon Voyage Sim, inda ya mai da shugabanni kwaɗi masu tafiye-tafiyen alfarma da faretin banza. Wanda ba zai iya faɗa wa mai mulki magana a fuska ba, sai ya sa kwaɗo ya faɗa.

A 1966 ya yi Le Retour d'un Aventurier. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da huluna da bindigogi da takalman kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu suna kwaikwayon abin da suke gani a silima. Duk wanda ya san muhawarar da aka daɗe ana yi a Kano kan rawa da waƙa irin na Indiya zai ga cewa Alasan ya riga ya yi tambayar: me ke faruwa da matasa idan duk mafarkinsu daga majigin wasu ya zo? A wannan fim ne Zalika Sule ta fara fitowa, ta zama ɗaya daga cikin matan Afirka na farko da suka riƙi wasan fim sana'a. Ta sha zagi a titi saboda mutane sun kasa raba ta da matan banzan da take fitowa a matsayinsu. Djingarey Maiga ma a nan ya fara, daga baya ya zama mai ba da umarni.

To me ya sa wannan tashe bai ɗore ba? Kyamarar tana Yamai, amma sauran aikin yana hannun wasu. Zaren fim sai an kai shi Faransa an wanke, can ake yankawa a haɗa, kuma ofishin fim na ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa ne yake biyan yawancin kuɗin. Gidajen silima kuma kamfanonin Faransa biyu ne suka mamaye su a yankin, COMACICO da SECMA, waɗanda suka fi samun riba da fina-finan Amurka da Indiya. Sai ya zama fim ya ci kyauta a Turai amma ɗan Maraɗi ko Damagaram bai gan shi ba. Da tallafi ya ja baya, aikin ya ja baya. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, bai kai shekara 50 ba. Zalika ta kai ga yin aikatau a ƙasar waje, kamar yadda Rahmatou Keita ta nuna a fim ɗinta Al'lèèssi. Alasan ya koma Tawa yana ta ƙera 'yan tsanarsa har ya rasu a 2015.

Kano ta bi wata hanya. Masu wasan daɓe irin ƙungiyar Tumbin Giwa, da marubutan littattafan soyayya irin Ado Ahmad Gidan Dabino, da 'yan kasuwar kaset, su ne suka haɗu a shekarun 1990. Kyamarar bidiyo ba ta buƙatar a kai komai Turai, kuma mai saye yana nan a Ƙofar Wambai da Bata. Hoton bai kai na Ganda kyau ba, amma kuɗin daga aljihun masu kallo yake fitowa, shi ya sa sana'ar ta yi saiwa. Da satar fasaha da tura fim a waya suka kashe kasuwar faifai, sai aka koma tashoshi irin Arewa24 da kuma YouTube, inda shirye-shirye irin Izzar So suka tara miliyoyin masu kallo.

Nan ne labarin Yamai yake dawowa. Wayar da ke hannunka ta fi kyamarar Rouch sauƙi nesa ba kusa ba, kuma yau ɗalibi ko tela ko mai gyaran waya zai iya fara shiri ba tare da neman izinin kowa ba. Amma rumbun da ake ajiye shirin na wani kamfani ne a Amurka, shi ke tsara wanda za a nuna wa, shi ke yanke nawa za a biya, yana kuma iya rufe tasha dare ɗaya. Masu rubuta manhaja suna da wata ƙa'ida: abin da ba ka da kwafinsa a wuri fiye da ɗaya, ba ka da shi. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976, ya yi shekaru ana ɗauka ya ɓata, sai da aka gano zarensa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas aka gyara shi, aka nuna shi a Balin a 2018. Kasat nawa na farkon Kannywood ne za su yi irin wannan sa'a?

Don haka matashin da ke shirin fara nasa ya tambayi kansa abu uku tun kafin ya danna maɓallin ɗauka: wa ke riƙe da asalin hotunan, ta wace hanya kuɗin mai kallo zai iso hannuna, kuma ina aikin zai kasance nan da shekara 30? FESPACO har yau tana ba da kyauta da sunan Umaru Ganda ga wanda ya yi fice da fim ɗinsa na farko. Babu abin da zai hana ɗan Zariya ko ɗan Tawa ya ɗauko ta.