Gidan Bariki da Waɗanda Suka Gina Shi

'Yan'uwa na gida da na ci-rani, akwai wani irin gini da muke wucewa ba mu dube shi ba, wato gidan bariki na zamanin Nasara: ba bene, ɗakuna a jere, ga baranda mai faɗi. Turawan Ingila suka samo shi a Bengal ta ƙasar Indiya, suna ce masa bangalo. Faransawa ma suka yi wa kumandodinsu irinsa.

Gure dai ba da bariki ta fara ba. Sa'ad da Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya biyo nan a ƙarshen 1852, ita ce mazaunin Muniyoma. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, daga baya Gure ta samu kumandanta da barikinta.

Ku dubi bambancin. Gidanmu yana da katanga da zaure, baƙo ya tsaya nan, iyali suna ciki a suturce. Gidan bariki kuwa waje yake fuskanta. Mai shi yana zaune a baranda, yana ganin mai zuwa tun daga nesa, mai ƙara kuma yana tsaye a rana. Ginin mulki ne.

Amma hannun da ya yi shi namu ne. Sai a 1946 aka soke aikin dole. Kafin nan talakawa ke kwaɓa ƙasa, su ɗauko ruwa da azara a ka. Dattijon da ya ƙi jinin irin gidan nan yana da hujja. Duk da haka maginan sun san aikinsu: bango mai kauri, rufi mai tsawo, tagogi suna duban juna, baranda ta tare rana kada ta taɓa bango. Mu kuwa da kuɗin Libiya da Najeriya muke ɗora kwano bisa siminti, in bazara ta yi sai kwana a tsakar gida.

A Kano sun adana Gidan Ɗan Hausa, na ƙasa, inda Hanns Vischer ya zauna bayan ya buɗe makaranta a 1909. Yau gidan tarihi ne. Muna roƙon dattawan da suka ji sunayen maginan barikin Gure daga bakin iyayensu su faɗa wa sakataren ƙungiya, a rubuta.