Daga Tuffa Zuwa Gilashi: Tarihin Kayan Adon Bishiyar Kirsimeti

A cikin kundin kuɗin shiga da fita na garin Sélestat, a yankin Alsas, akwai wani ɗan layi mai ɗauke da kwanan wata 21 ga Disamba, 1521. Magatakardan gari ya rubuta cewa an biya masu gadin daji sule huɗu domin su sa ido a kan itatuwa. Dalili kuwa shi ne Kirsimeti ya ƙarato, mutane suna faɗa wa daji da gatari suna sarar bishiyar fir, mai ganye kamar allura wadda hunturu ba ya kaɗe ta, suna kaiwa gida. Wannan layi yana cikin tsofaffin shaidun da masana suke kafa hujja da su kan asalin bishiyar Kirsimeti, kuma abin da ya burge ni game da shi shi ne ba limami ne ya rubuta shi ba, ba kuma mawaƙi ba. Ma'aji ne yake ƙoƙarin hana daji ƙarewa.

Ba bishiyar ce ta fi jan hankalina a wannan rubutu ba, abin da ake rataya mata ne. Bishiya dai ita ce ita tun wancan zamani, amma kayan da ke jikinta sun sauya sau da dama, kuma kowane sauyi yana ba da labarin wanda ya ƙera, da wanda ya saya, da wanda ya ci riba.

Adon farko abin ci ne. A ƙasashen da ke magana da Jamusanci, 24 ga Disamba rana ce ta tunawa da Adamu da Hauwa'u, kuma akan yi wasan kwaikwayo na labarin fitarsu daga Aljanna. Babban kayan wasan shi ne bishiya wadda aka rataya wa tuffa. Masana da yawa suna ganin daga wannan dandali ne bishiyar ta sauka ta shiga ɗakunan taro na ƙungiyoyin masu sana'a, sannan ta shiga gidaje. Wani bayani daga birnin Bremen na shekarar 1570 ya ambaci bishiyar da wata ƙungiyar masu sana'a ta kafa da tuffa da dabino da 'ya'yan itatuwa masu ɓawo da furannin takarda, aka bar yara su girgiza ta su kwashi rabonsu. A 1605 kuma wani marubuci da sunansa bai zo mana ba ya bayyana yadda mutanen Strasbourg suke kafa fir a falo, su rataya mata furanni da aka yanka daga takarda mai launuka, da tuffa, da waina siririya irin ta coci, da alewa, da fallen ƙarfe mai ruwan zinariya. Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga cewa kusan komai daga madafi ya fito, ko daga almakashin uwar gida. Ba a ajiye ado don baɗi. Ranar da biki ya ƙare, yara su cinye shi, itacen kuma ya shiga murhu.

Ba kowa ya yi na'am da abin ba. Wajen 1640 wani babban mai wa'azi na Strasbourg, Johann Conrad Dannhauer, ya yi tir da al'adar, yana ganinta wasan yara ne da ke ɗauke hankalin mutane daga ibada. Na ambaci wannan ne domin yau akan ɗauka cewa coci ce ta haifi bishiyar. Gaskiyar ita ce gida ne ya raine ta, coci ta karɓe ta a makare, wani wurin ma da ƙyar. Haka kuma labarin da ake yawan bayarwa cewa Martin Luther ne ya fara ɗora mata kyandir, almara ce da aka ƙaga bayan mutuwarsa da daɗewa. Shaidar kyandir da ta fi ƙarfi tana cikin wasiƙar da gimbiya Liselotte ta yankin Pfalz ta rubuta a 1708, inda take tuna ƙuruciyarta a Hanover da ƙananan itatuwa masu kyandir a rassansu. Kyandirin kakin zuma kuwa kayan masu hali ne, don haka hasken ya daɗe a gidajen sarauta kafin ya kai ɗakin talaka.

Ta hanyar auratayyar sarakuna bishiyar ta ƙetare teku. Sarauniya Charlotte, Bajamushiya matar Sarki George na Uku, ta kafa wa yara ɗaya a Windsor a 1800. Amma abin da ya mayar da ita yayi shi ne zanen da mujallar Illustrated London News ta buga a 1848, na Sarauniya Victoria da mijinta Albert da 'ya'yansu tsaye kewaye da bishiya a kan tebur. Bayan shekara biyu wata mujallar mata ta Amurka, Godey's Lady's Book, ta sake buga zanen, sai dai ta cire wa Sarauniya kambinta, ta aske wa Albert gashin baki, aka mai da su iyalin Amurka na gama-gari. Da wannan 'yar dabara aka sayar wa jamhuriya al'adar fada ba tare da ta ji warin sarauta ba.

A daidai wannan lokaci ne wani ƙauye da ke maƙale a cikin kwarin dazuzzukan Turingiya ya shigo labarin. Sunansa Lauscha. Tun 1597 aka kafa masana'antar gilashi a can, domin ƙasar ba ta noma ba ce, amma akwai itacen hura wuta da yashi. Mutanen garin sun ƙware a ƙera duwatsun wuya na gilashi da kwalabe da idanun 'yar tsana. Akwai labarin da suke bayarwa cewa wani matalaucin maƙeri ne ya rasa kuɗin tuffa, sai ya hura wa 'ya'yansa tuffar gilashi. Labari ne mai daɗi, amma abin da takarda ta riƙe ya fi shi bushewa: a littafin cinikin wani maƙeri na 1848 an rubuta cewa an yi odar dozin shida na ƙwallayen Kirsimeti masu girma iri uku. Tun ranar farko, ashe, haja ce.

Yadda ake yin aikin ya cancanci a tsaya a kansa. Maigida yana zaune gaban harshen wuta da siririn bututun gilashi. Ya gasa shi har ya yi laushi, ya kai baki ya hura, yana juya shi da yatsu har ya kumbura ya zama ƙwallo. Idan tsuntsu ake so ko 'ya'yan inabi, sai a hura shi cikin zubi. Daga nan aiki ya koma hannun matarsa, wadda za ta ɗura ruwan da zai sa cikin ƙwallon ya yi sheƙi kamar madubi. Da farko da narkakkiyar dalma da kuza ake wannan, ga kuma guba; daga baya aka koma ruwan azurfa bisa hanyar da masanin sinadarai Justus von Liebig ya gano. Yara su ne masu tsoma ƙwallaye a fenti, da ɗora musu 'yar hular ƙarfe ta ratayewa, da jera su a kwali. Duk wannan a ɗaki guda, wanda shi ne madafi, shi ne kuma wurin kwana. Da aka kafa wa garin tashar iskar gas a 1867, wuta ta ƙara zafi da daidaito, gilashi ya ƙara siranta, ƙwallaye suka ƙara girma, aiki kuma ya ƙaru. Matan Lauscha ne suke goya kwanduna su sauka da kayan zuwa Sonneberg, inda dillalai suke yanke farashi su tura ƙasashen waje. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Babban gardin ya fito daga Amurka. A 1880 Frank Woolworth, mai kantin kayan araha a Lancaster ta jihar Pensilbaniya, ya karɓi 'yan ƙwallayen Jamus daga hannun wani mai shigo da kaya, ba da son ransa ba, yana ganin ba mai ɓata kuɗi a kan abin da ba ya ciyuwa kuma yana fashewa. Cikin 'yan kwanaki suka ƙare. Bayan shekara goma shi da kansa ya tafi Jamus sarin kaya.

A ganina nan ne al'adar ta yi juyin da ya fi kowane girma. Tuffa ta ranar ce, gilashi kuwa na ajiya ne. Da zarar ado ya zama abin da za a naɗe a takarda a sa a akwati, sai ya fara tara tarihi: wannan na kaka ne, wancan an saye shi shekarar da aka haifi auta. Zaɓen abin da za a rataya ya zama zaɓen wanda za a tuna. Bahaushe ba zai rasa gane wannan ba idan ya tuna jeren ɗakin amarya, yadda ya tashi daga ƙorai zuwa tasoshi zuwa kwanukan sanholama, kaya na kasuwa amma kowanne da sunan gwaggon da ta kawo shi. An samu abin gado, an kuma rasa wani abu: yaron Bremen yana girgiza bishiya, jikansa kuwa ana daka masa tsawa kada ya taɓa.

Wutar lantarki ba ta buƙatar dogon bayani. Kyandir a kan busasshen reshe gobara ce mai jiran lokaci, har gidaje suna ajiye bokitin ruwa kusa. A 1882 Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya kewaye bishiyar gidansa a New York da ƙananan ƙwayaye 80, ja da fari da shuɗi. Sai da aka yi shekaru masu yawa kafin talaka ya iya sayen irinsu.

Abin da ya fi wannan koyarwa shi ne yadda masu mulki suka shiga tsakanin mutum da bishiyarsa. A Tarayyar Sobiyet an soke bikin Kirsimeti a 1929, bishiyar ta zama abin zargi. Amma ranar 28 ga Disamba, 1935, jaridar Pravda ta buga wasiƙar wani jigon jam'iyya, Pavel Postyshev, yana kira da a mayar wa yara bishiyarsu, a matsayin ta Sabuwar Shekara. Ta dawo, amma da sabuwar riga. Tauraron Baitalami ya ba da wuri ga jan tauraro mai tsini biyar, mala'iku suka ba da wuri ga jiragen sama da 'yan lema. Zamanin Khrushchev, mai son noman masara, aka hura zangarniyar masara ta gilashi. Bayan tashin Yuri Gagarin a 1961 kuma 'yan sama jannati suka cika rassa. Gwamnatin da ta kasa tumɓuke bishiyar sai ta zaɓa mata kaya. A Amurka ma yaƙi ya bar tambarinsa. Da hanyar Jamus ta toshe a 1939, kamfanin Corning ya juya injin ƙera ƙwan fitila ya koma fitar da ƙwallaye, aikin da iyali guda ke kwana a kansa ya zama na ƙiftawar ido. Da ƙarfe ya yi wuya saboda yaƙi, aka daina shafa musu azurfa, aka yi musu hular kwali. Masu tara tsofaffin kaya suna gane ƙwallon waɗannan shekaru da gani ɗaya.

Yau har yanzu ana hura gilashi da baki a Lauscha, kuma a 2021 Jamus ta sa sana'ar cikin jerin al'adunta na gado. Amma babbar kasuwar ta koma Yiwu, a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, inda ake fitar da ƙwallayen roba da bishiyoyin roba zuwa ko'ina, daga hannun ma'aikatan da akasarinsu ba sa yin bikin. Daga can ne suke isowa shagunan Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano a watan Disamba, inda iyalan Kirista suke saye su kafa a falo, a ƙasar da fir ba ta tsirowa a dajinta. Na sha ganin an yaga auduga an barbaza a rassan a madadin dusar ƙanƙara, kuma kafin a kai Sabuwar Shekara ƙurar hunturu ta riga ta rina ta ja.