Yadda gigin tsufa ya shiga littafin likitoci

Makalarmu ta wannan mako a kan abin da muke kira gigin tsufa ce, da tsawon lokacin da likitoci suka ɗauka kafin su yarda cuta ce.

A watan Nuwamban 1901 aka kai wata mata mai suna Auguste Deter asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt a Jamus. Shekarunta 51. Takan ɓace a cikin gidanta, ta fara rubuta sunanta ta manta sauran, ga zargin mijinta ba dalili. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya rubuta hirarrakinsu dalla-dalla. Da ta rasu a 1906 aka aika masa ƙwaƙwalwarta Munich, inda ya koma aiki. Ya yanka ta siriri-siriri, ya rina, ya duba a madubin likita. Sai ya ga wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zaruruwa a cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin. Ya gabatar da wannan a taron likitoci a Tübingen a shekarar, amma ko tambaya ɗaya ba a yi masa ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ya biyo baya. A 1910 maigidansa a wurin aiki, Emil Kraepelin, ya sa wa cutar sunan Alzheimer a littafinsa, amma ya ɗauke ta a matsayin cutar da ke kama mutum kafin tsufa, kamar yadda ta kama Auguste. Tsofaffi kuwa aka bar su da "ai shekaru ne". Alhali tun 1907 wani likita a Prague, Oskar Fischer, ya duba ƙwaƙwalen tsofaffi 16 masu gigin tsufa, ya samu irin waɗannan dunƙulen a 12. A ganinmu, da an bi sawun Fischer da ba a yi asarar shekarun da aka yi ba. Shi kam ya mutu a hannun 'yan Nazi a 1942, sunansa ya kusa ɓacewa.

Sai a 1968 wasu masu bincike uku a Newcastle ta Ingila, Blessed da Tomlinson da Roth, suka gwada tunanin tsofaffi suna raye, bayan rasuwarsu suka ƙirga dunƙulen. Gwargwadon yawan dunƙulen, gwargwadon tsananin ruɗewar. A 1976 Robert Katzman a Amurka ya rubuta cewa cutar Auguste da akasarin gigin tsufa abu guda ne, kuma tana cikin manyan masu kisa. Daga nan kuɗin bincike ya fara kwarara, a 1984 aka gano sinadarin amiloyid da ke cikin dunƙulen.

Mu ma har yau idan Kaka ta fara kiran jika da sunan mamaci, "tsufa ne" muke cewa, wata ma idan ta fita da dare ta ɓata hanya sai a jefe ta da maita. Asibiti ba ya zuwa mana a rai.

Fayil ɗin Auguste kuwa ya ɓace shekaru da dama, sai a 1995 aka tsinto shi a Frankfurt, har da takardar da ta yi ƙoƙarin rubuta sunanta a kai.